Rabon Gwamnati A Katin Waya

A hutun da ya wuce, ran wata Juma'a, na raka mahaifina kasuwar shanu ta nan Wudil. Ya aike ni na sayo masa katin waya na naira 1,000. Da yamma katin ya ƙare, alhali bai gama ciniki da wani mai saye daga Kudu ba. Ya ce, "Kai da kake makaranta, ina kuɗin nan suke zuwa?" Na rasa amsa. Da muka komo makaranta na tambayi malaminmu na tattalin arziki, ga kuwa abin da na koyo.

Ashe ba kamfani kaɗai ke cin kuɗin ba. Akwai harajin VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 bisa ɗari a Fabrairun 2020. Na buga lissafi, na ga cikin dubun nan ta Baba kusan naira 70 ta Gwamnati ce. Yaron da ya sayi data don karatun jarrabawa da attajirin Kano, kashi ɗaya suke biya. Wannan kam bai kwanta mini ba.

Kamfanonin ma ba kyauta suka shigo ba. A 2001 MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285 kafin a ba shi lasin. Ba su kuma da ikon ƙara farashi sai da yardar hukumar sadarwa, watau NCC. Ita ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, bayan sun daɗe suna kukan tsadar man janareta da faɗuwar naira.

Ikon Gwamnati ya wuce batun kuɗi. Ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumban 2021 kuma ta sa aka katse waya a Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga. Ku duba, 'yan'uwa, da a Wudil ne, yaya dillalan shanu za su yi?

To, me take mayarwa? Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa wani asusu, USPF, wanda ake zuba masa wani abu daga kuɗin da kamfanoni ke biyan NCC kowace shekara. Aikinsa kafa turakun waya a ƙauyukan da kamfani ba ya hangen riba, da kai kwamfuta makarantu. A ganina nan ya kamata iyayenmu su riƙa matsa wa wakilansu da tambaya, domin haraji yana iske kowa, tallafi kuwa sai an bi sawunsa. A ƙauyen kakata har yanzu sai an hau tudu ake samun sabis.

Na rubuta wa Baba lissafin naira 70 ɗin nan a takarda, zan kai masa ran hutu.