Amsoshin Tambayoyinku: Tuwon ƙasa da dokin kara

Wata mai sauraronmu daga Azare ta tambaya: ’yarta mai shekara 2 tana dama ƙasa a murfin gwangwani, ta miƙo mata wai tuwo ne. Shin yarinyar ta san ba tuwon gaske ba ne?

Malama, ta sani sarai. Ki lura, za ta kai lomar kusa da baki, ta tauna iska, ta dube ki tana dariya. Wannan kallon tambaya ce: kin gane wasa muke?

Irin wannan wasa yakan fara ne tsakanin wata 12 zuwa 18, yaro ya kafa baki a kofin da ba komai yana kurɓa. Daga nan sai ya shayar da ’yar tsana, a goya masa ita da ɗankwali. Wajen shekara 3 ake raba matsayi, wannan uwa, wancan mai shago. Bayan hawan Sallah na Sarkin Katagum, duba yaran unguwa: kowa ya haye karan dawa yana sukuwa, har da jinjina. Masanin Rasha Lev Vygotsky ya yi bayanin irin wannan a 1933, cewa karan ne ke taimaka wa yaro ya riƙe doki a ransa alhali babu doki a gabansa.

Don Allah in ’yarki ta miƙo miki tuwon, ki karɓa, ki ce ya yi daɗi, ki nemi ƙarin miya. Amma yaron da ya cika shekara 2 ba ya irin wannan wasa, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, a kai shi wurin likitan yara a Asibitin Tarayya na Azare a duba shi, har da jinsa.