Amsoshin Tambayoyinku: Kacar Keke da Ƙurar Hunturu

Wani mai sauraronmu daga Fagge, wanda ke dakon kaya a keke zuwa Kasuwar Sabon Gari, ya tambayi dalilin da kacarsa ke kuka alhali kullum yana zuba mata baƙin mai.

To, Malam, Allah ya ba ka haƙuri, illar tana cikin maganin. Baƙin man da aka juye daga injin mota yana ɗauke da garin ƙarfe, idan kuwa ya gamu da ƙurar hunturu sai su zama wani irin kwaɓi mai cin kaca da haƙoran firiwil sannu a hankali, kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Wajibi ne tsarki ya gabaci shafa. Ka kifa keken, ka wanke kacar da kananzir da tsohon buroshi, ka sakace haƙora, ka bar ta ta bushe sarai. Sa'an nan ka ɗiga sabon mai, ɗigo guda a kowace gaɓa, kana juya feda baya, daga bisani ka share da tsumma, domin amfanin mai a cikin gaɓa yake, na waje ƙura kawai yake kira. Da damina a maimaita bayan kowane dukan ruwa, saboda tsatsa.

Don gane ko kaca ta tsufa, sai ka auna ta: tsakanin ƙusa da ƙusa a jikin kaca rabin inci ne, daga ƙusa ta farko zuwa ta 25 inci 12 ke nan daidai. In awonka ya zarce haka a fili, kaca ta miƙe, sai ka nemi sabuwa wurin masu kayan keke a nan kasuwar.