Neman Saki a Duwala Ba Tare da Lauya Ba

A unguwar New Bell da ke Duwala, in aure ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wurin liman ko Sarkin Hausawa ake fara zuwa. Can ake sulhu, can ake khul'i. Amma ga auren da aka rubuta a ofishin magajin gari, takardar sakin da miji ya miƙa ba ta isa ba. Dokar 29 ga Yuni 1981 ta ce mutuwa ko hukuncin kotu kaɗai ke warware shi. Matar da ta gama idda ta sake aure haka nan, a idon hukuma har yanzu matar mijin farko ce.

Ba dole sai da lauya ba. Kotun gargajiya mai matakin farko, wadda dokar 1969 ta tsara, tana sauraron ƙarar saki, kuma alƙali na zama da masu taimaka masa da suka san al'adar ma'auratan. Mace za ta kai ƙorafinta da kanta, ta riƙe takardar aure, katin shaida, takardun haihuwar yara, da shaidu kan duka ko rashin ciyarwa. Sai dai in mijin ya ƙi amincewa da wannan kotu tun farko, magana ta koma babbar kotun Wuri da ke Bonanjo, inda ƙa'idoji suka fi tsauri. Marar hali na iya neman tallafin shari'a bisa dokar 2009.

Bayan hukunci, a karɓi kwafinsa wajen magatakarda, a tabbatar an shigar da shi cikin rajistar auren.