Wiwi a Cikin Man Shanu: Abin da Ciki Ke Yi da Shi, da Abin Yi Idan Wani Ya Ci

Wani matashi ya rubuto yana cewa: "Likita, na bar zuƙar wiwi saboda tari da ciwon ƙirji. Abokaina sun ce idan aka dafa ganyen a man shanu ko bota aka yi kek ko cincin da shi, babu hayaƙi, babu wari, huhu ma ya huta. Yaya ake haɗa shi ya yi ƙarfi sosai?"

Ɗan'uwa, haɗin dai ba zan koya maka ba. Wa'azi kuma na bar wa malamai, sun fi ni iyawa. Abin da zan faɗa maka shi ne abin da ke faruwa a jikin mutum bayan ya haɗiye wannan kek ɗin, domin a nan ne abokanka suka yi maka rabin bayani. Gaskiya ne huhu ya huta da hayaƙi. Amma an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago, kuma ƙarfin nan da kake nema shi ne ainihin abin da ke kai mutane asibiti.

Sinadarin da ke bugarwa a wiwi sunansa THC. Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni ne suka ware shi a Isra'ila a 1964. Ba ya narkewa a ruwa, maiƙo yake bi. Shi ya sa duk inda aka san mutane da cin wiwi za ka tarar da maiƙo a wurin: a Indiya da madara ake dama abin da suke kira bhang, a Maroko kuma da man shanu da zuma ake cuɗa majun. Mai zuƙa, hayaƙin daga huhu yake shiga jini, cikin 'yan mintoci ya isa ƙwaƙwalwa. Yana jin abin na hawa kansa, in ya ga ya ishe shi sai ya kashe, bayan awa biyu zuwa uku kuma ya fara sakinsa. Mai ci ba shi da wannan birkin. Abin da ya haɗiya sai ya bi ta hanji ya je hanta, hanta kuwa ta juya wani kaso nasa zuwa wani sinadarin dabam mai suna 11-hydroxy-THC, wanda ke ratsa ƙwaƙwalwa cikin sauƙi, bugunsa kuma ba wasa. Kafin mutum ya fara jin komai yakan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu. Mayen na iya kai ƙololuwarsa sai bayan awa huɗu, ya riƙe mutum har awa 12, wani ma ya wayi gari da sauransa a ka.

Wannan jinkirin shi ne tarkon. Mutum ya ci guda, ya zauna yana jira, shiru. Sai ya ce an cuce shi, ko haɗin bai yi ba, ya ƙara na biyu, wani har na uku. Lokacin da na farkon zai taso, sauran sun riga sun wuce maƙogwaro, babu mai dawo da su. A watan Maris na 2014, wata biyu kacal bayan jihar Kolorado ta Amurka ta buɗe shagunan sayar da wiwi bisa doka, wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya ci biskit ɗaya a birnin Denba. A shagon da aka sayo shi an ce a raba shi shida a ci kashi guda. Ya ci kason, ya jira bai ji komai ba, ya cinye sauran. Miligiram 65 na THC ke cikin biskit ɗin nan. Bayan 'yan awoyi hankalinsa ya gushe, ya diro daga hawa na huɗu na otal, ya mutu. Wiwi shi kaɗai da wuya ya tsayar da numfashin babban mutum kamar yadda su kodin ke yi, amma abin da firgici da gushewar hankali ke sa mutum ya aikata yana kisa.

A can ma da ake aunawa ke nan. Dokar Kolorado ta tsayar da miligiram 10 a matsayin ci ɗaya, Kanada kuma ta hana a sa fiye da miligiram 10 a ƙunshi guda. Duk da haka, wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2015 ya gwada kayan ci 75 da aka saya a shagunan Amurka, aka tarar kashi 17 cikin 100 ne kawai abin da ke rubuce a jikinsu ya yi daidai da abin da ke ciki. To ina ga tukunyar da aka ɗora a ɗakin samari? Ganyen da aka sayo yau ba ƙarfinsa ɗaya da na jiya ba, kuma ido ba ya ganewa. Man ma ba ya bin ƙullun daidai. Kamar ƙosai ne, wani ka gutsura ka ci karo da attaruhu, wani kuwa salam. Mutum biyu su ci daga faranti ɗaya, ɗaya yana dariya, ɗaya yana ihun zai mutu. Ga kuma abin da 'yan ƙwaya ke kira kolos a nan Najeriya, wanda sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka harhaɗa a masana'anta. Wannan kan kawo jijjiga da lahanin ƙoda, yana kuma kisa kai tsaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. Sigarin wiwi yana da wari, kowa ya gan shi ya san shi. Cincin kuwa cincin ne. Ka ɓoye shi a ƙarƙashin katifa ko cikin firji, ƙanenka ɗan shekara uku ya fi ka sanin lungunan gidan, kuma ba guda ɗaya zai ci ba. Mujallar Pediatrics ta ruwaito a 2023 cewa a Amurka yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahoton sun ci irin wannan abinci sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021, kuma galibinsu a cikin gida suka same shi. Abin ya iso nan tuni: a 2021 hukumar NDLEA ta kama masu sayar wa 'yan makaranta biskit mai wiwi a Abuja. Yaro jikinsa ƙarami ne, kason da zai sa babba dariya shi kan jefa shi barci mai nauyi, jiki ya saki, numfashi ya yi ƙasa.

Yanzu ga abin yi idan an riga an ci.

Idan yaro ne, babu jira. Ko da yana wasansa garau, a ɗauke shi zuwa asibiti, domin ka ji yadda abin ke jinkiri. A tafi da ragowar abin da ya ci, a kuma tuna lokacin da ya ci. Haka ma tsoho, da mai juna biyu, da mai ciwon zuciya.

Idan babba ne mai lafiya, abin da aka fi gani shi ne faɗuwar gaba, bugun zuciya da sauri, jan ido, bushewar baki, jiri, amai, da tsoro maras dalili. Wani ya ce ana bin sa, wani ya ce lokaci ya tsaya, wani ya fara barin wasiyya. A kai shi ɗaki mai iska, ba hayaniya, a sallami 'yan kallo. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna kusa, yana faɗa masa a hankali cewa abin da ya ci ne, kuma zai wuce. A raba shi da makullin mota, babur ko Keke Napep har washegari, a nisanta shi da bene, rijiya, wuta da titi. In yana cikin hayyacinsa yana iya kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. In barci ya ɗauke shi, a kwantar da shi ta gefe, ba rigingine ba, don kada amai ya koma masa huhu, a riƙa leƙa shi. Amma da zarar an ga ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, jijjiga, amai ba ƙaƙƙautawa, ko an tashe shi ya ƙi tashi, ko yana neman ji wa kansa ko wani ciwo, to magana ta koma asibiti. Haka nan idan ya haɗa da tiramol, kodin, giya ko ƙwayar barci.

Akwai abubuwan da muka saba yi a gida waɗanda a nan ɓarna suke ƙarawa. Na farko ɗura manja ko madara. Mun gaji wannan a matsayin maganin guba, amma THC maiƙo yake bi, maiƙon ba ya karya shi, sannan wanda ke layi in aka ɗura masa abu yakan ƙware, ya tafi huhu. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Kada a kira mai kemis ya yi masa allurar barci. Kada a ɗaure shi ko a dake shi. Sau da yawa kuma, musamman idan mace ce ko yaron da ba a san shi da shaye-shaye ba, gida kan ɗauka aljanu ne, a rufe ɗaki a turnuƙe shi da hayaƙi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A yi ta a hanya. In mutum lafiyarsa lau ya dawo daga biki ko fati ya birkice cikin awa biyu, a fara tambayar me ya ci, me ya sha, wa ya ba shi. Mun san yadda ake zuba zaƙami a zoɓo a wasu bukukuwa, kuma wiwi a kek hanyarsu ɗaya. Wanda ya ba wani bai sani ba, da sunan wasa, guba ya ba shi.

A asibiti a faɗi gaskiya. Kunya ko tsoron hukuma kan sa iyaye su yi shiru, sai likita ya shiga neman sanƙarau ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, a yi ta gwaje-gwajen da ba a buƙata, kuɗi na tafiya. Babu wata allura da ke karya wiwi nan take. Abin da ake yi shi ne lura da numfashi da zuciya, ƙarin ruwa, maganin amai, da abin kwantar da hankali in ya zama dole, har jiki ya fitar da shi.

Yawancin mutane kan dawo daidai cikin kwana ɗaya. Wasu ba sa dawowa da wuri. Binciken da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya nuna masu amfani da wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa shi ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, masu amfani da mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. In a danginku akwai mai irin wannan lalura, ko shekarunka ba su kai 25 ba, haɗarinka ya fi na abokanka. Doka kuma ba ta bambanta na naɗi da na tukunya ba. A Najeriya da Nijar duka laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Game da kai kuwa, tarin da ya wuce mako biyu gwajin tarin fuka yake buƙata, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Tunda ka riga ka ajiye zuƙa, ka sani rashin barci, saurin fushi, rashin cin abinci da munanan mafarkai da za ka ji alamun rabuwa ne. Sun fi tsanani a makon farko, yawancinsu kuma kan lafa cikin mako biyu zuwa uku, sai dai barci ya fi jimawa kafin ya daidaita. In abin ya fi ƙarfinka, asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato da na Maiduguri duk suna duba masu son barin shaye-shaye, kuma ba sai an kwantar da mutum ba. Akwai ganin likita na je-ka-dawo.