Darasi Na Shida: Yunwa, Ƙoshi Da Ƙwaƙwalwa

Idan ɗalibi ya lura da yadda Bahaushe yake magana a kan yunwa, zai tarar ciki ya ɗora wa alhakinta. Yakan ce cikinsa yana kuka, in ya ƙoshi ya ce ciki ya ɗauka, mai yawan ci kuma a kira shi bawan ciki. Harshe ya bi abin da mutum yake ji ne. Amma binciken masana ya nuna cewa ciki ɗan aike ne kawai, a ƙwaƙwalwa ake yanke hukunci.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, wanda ake kira haifotalamus. A shekarar 1940 wasu masana biyu a Amurka, Hetherington da Ranson, suka lalata wani ɓangare nasa a kan ɓeraye, sai ɓerayen suka yi ƙiba fiye da kima. A 1951 Anand da Brobeck suka lalata ɓangaren gefe, sai dabbobin suka ƙaurace wa abinci. Tambayar da ta rage ita ce: ta yaya ƙwaƙwalwa take sanin yawan kitsen da jiki ya ajiye?

Amsar ta fara bayyana a 1994, lokacin da Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano ƙwayar gadon da ke sa kitse ya saki wani sinadari cikin jini. An raɗa wa sinadarin suna leftin, daga kalmar Girkanci mai ma'anar siriri. Ashe kitse ba rumbu ba ne kurum, yana aika rahoto. Idan ya yawaita leftin yakan ƙaru, idan ya ragu sai leftin ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa kuma ta tsananta yunwa, ta rage ƙarfin da jiki yake ƙonawa. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka sami wasu yara biyu 'yan'uwa da jikinsu ba ya samar da isasshen leftin. Kullum cikin yunwa suke, ƙibarsu kuma ta wuce misali. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar sinadarin, sai cin ya daidaita, nauyin ya sauka. Shi ma cikin yana da nasa ɗan saƙon, wato girelin, wanda aka gano a Japan a 1999. Yakan hau kafin lokacin cin abinci, ya sauka bayansa.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. An yi zaton leftin zai zama maganin ƙiba, sai aka tarar galibin masu ƙiba suna da shi da yawa a jini, ƙwaƙwalwarsu ce ba ta amsa kiransa yadda ya kamata. A ganina wannan ne muhimmin abin da malamin gobe zai riƙe, domin zai haɗu da yaro mai ƙiba a aji, zai kuma ji ana yi masa gorin haɗama. Wanda ya rage nauyi ya sake komawa, sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ce ta ɗauki ramar a matsayin fari, ta shiga kare ajiyarta.

Aikin Yi: Kawo kalmomi ko salon magana biyar na Hausa da suka shafi ci, kamar kwaɗayi da marmari, ka bayyana gaɓar jikin da kowanne ya jingina da ita.