Ruwan Da Aka Ɗebo Da Rai: Darasi A Kan Godiya Ga Tsofaffin Sojoji

Nassin karatu: 2 Sama'ila 23:13-17, Mai Hadishi 9:14-15, Luka 3:14

A garin Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, ba sai an koya wa yaro darajar ruwa ba. Idan bazara ta kankama a watan Afrilu, mai ga-ruwa ya fi kowa farin jini a unguwa. Duk da haka, wanda aka miƙa wa moɗa cike da ruwan randa bai cika tambayar wanda ya ɗebo shi ba, balle nisan da ya yi da jarka. Yakan sha, ya ajiye moɗa, ya ci gaba da hira.

Akwai wani sarki a Littafi Mai Tsarki wanda aka miƙa masa ruwa yana cikin ƙishi, ya tsaya ya yi wannan tambaya. Dawuda yana wajen kogon Adullam a lokacin girbi, Filistiyawa kuwa sun kafa sansani a Baitalami, garin haihuwarsa. Sai marmarin ruwan rijiyar da ke bakin ƙofar garin ya kama shi, har ya furta a gaban mutanensa. Bai umarci kowa ba. Amma jarumawa uku suka keta sansanin abokan gaba, suka ɗebo ruwan, suka kawo masa. Dawuda ya ƙi sha. Ya tsiyaye shi a gaban Ubangiji, domin a idonsa abin da ke cikin tulun ba ruwa ba ne kuma, jinin mutanen da suka sayar da ransu ne.

Mai karatu na iya cewa ɓarna ce, tun da mutanen sun riga sun sha wahalar. Amma da ya kwankwaɗe ruwan ya yi hamdala, da ya nuna wa rundunarsa cewa ran soja ba shi da tsada, ana iya kashe shi don marmarin sarki. Godiyar Dawuda ta fara ne daga sanin kuɗin abin da aka ba shi.

Su wane ne suka ɗebo?

Zaman lafiya ma ruwa ne da wani ya ɗebo. Tun zamanin Turawa samarin Arewa suke sa kaki. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi sojojin Afirka ta Yamma a runduna ta 81 da ta 82 aka kai su dazuzzukan Boma, inda suka yi yaƙi da Japan har zuwa 1945. Sunayen wasu barikoki, kamar Chindit a Zariya da Myohaung a Legas, daga wancan yaƙin aka samo su. Waɗanda suka je Boma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma da yawa sun tafi ba tare da jikokinsu sun ji labarin daga bakinsu ba.

Bayansu sai waɗanda suka je Kwango daga 1960, da waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa Janairun 1970. Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a farkon wannan yaƙi, yau ya doshi 80. Sai kuma sojojin ECOMOG da aka tura Laberiya a 1990, daga baya Saliyo.

Na kusa kuwa, mutanen Yobe ba su bukatar a ba su labari. Harin Damaturu na ran 4 ga Nuwamba 2011, dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013 lokacin da aka katse layukan waya na makonni, kisan ɗalibai a Buni Yadi a Fabrairun 2014, sace 'yan matan Dapchi a Fabrairun 2018, duk a gaban idonsu aka yi. Yankin Nguru, Jajimaji da Gashuwa bai sha irin wutar da Gujba da Gaidam suka sha ba. An ci gaba da cin kasuwa, ana noman gero da riɗi, ana kama kifi a fadamun Nguru, ana buɗe majami'a ran Lahadi. A waɗannan shekaru kuwa akwai 'ya'yan wasu da suka kwana a rami a bakin Tafkin Chadi, wasunsu ba su dawo ba. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, yana cikin 'yan kaɗan da ƙasa ta san sunayensu. Mafi yawa sai iyayensu da matansu ne suka san su.

Ba masu bindiga kaɗai ke ɗiban wannan ruwa ba. Ɗan sanda, ɗan sintiri, malamin da bai gudu ya bar aji ba, ungozomar asibitin ƙauye, da matan da suka bi gida gida suna ɗiga maganin shan inna, har aka harbe wasunsu a Kano a 2013, dukansu sun tsaya a inda ake gudu.

Mutumin da aka manta

Mai Hadishi ya ba da labarin wani ƙaramin gari da babban sarki ya kewaye da yaƙi. Wani matalauci mai hikima ya ceci garin, amma bayan an tsira ba wanda ya ƙara tunawa da shi. Labarin gajere ne, ba a ma faɗi sunan mutumin ba.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare, ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A Abuja da Damaturu manya sukan ajiye furanni, a busa ƙaho, a saki fararen tantabaru, 'yan ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion su yi fareti. A majami'u akan yi addu'a ta musamman. Duk wannan yana da kyau, bai kamata a raina shi ba. Sai dai washegari tsohon kofur ɗin da aka tafa wa yakan koma bencin gadinsa a ƙofar wani shago, yana lissafin kuɗin motar da zai kai shi wurin tantance 'yan fansho. Yaran unguwa suna yi masa dariya idan ya zabura saboda ƙarar tayar da ta fashe. Wasiƙar Yakubu 2:15-16 ta yi magana a kan mai sallamar mayunwaci da addu'a mai daɗi alhali bai ba shi ko loma ba. Tafi na rana ɗaya bai fi wannan ba.

Abin baƙin ciki, Dawuda ɗin nan da ya ƙi shan ruwan Baitalami shi ne daga baya ya ci amanar Uriya Bahitte. Uriya ya ƙi kwana a gidansa domin 'yan'uwansa suna kwana a fili, sarki kuwa ya ɗauke masa mata, ya kuma ba shi takardar mutuwarsa ya kai wa Yowab da hannunsa. Dawudan da ke kogo ya san kuɗin ran soja. Dawudan da ke kan soron fada ya manta. Nisa da jin daɗi ne suka shiga tsakani, kuma su ne ke shiga tsakanin iyalin da ke barci lafiya da wanda ya tsare musu dare.

Girmamawa ba fadanci ba ce

Wani zai ce, to, wanda soja ya sa tsallen kwaɗo a shingen hanya fa, ko wanda aka karɓe masa kuɗi, ko wanda aka kama ɗan'uwansa bai sake ganinsa ba? Wannan ƙorafi gaskiya ne, ikilisiya kuwa ba ta da izinin rufe shi da waƙa. Da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai ce su tuɓe kaki ba, bai kuma yi musu kirari ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Ya ɗauke su a matsayin mutanen da za su amsa a gaban Allah, wannan ma girmamawa ce. Faston da ke da sojoji da 'yan sanda a cikin garkensa, kamar yadda yake a ikilisiyoyin Nguru da Gashuwa, bashin abu biyu ke kansa: ya gode musu a fili, ya kuma faɗa musu gaskiya.

Ya kamata a lura kuma cewa Uriya ba Ba'isra'ile ba ne, haka ma jarumin Kafarnahum da Yesu ya yabi bangaskiyarsa a Luka sura 7. Tsohon sojan da ke maƙwabtaka da iyalin Kirista a Jajimaji mai yiwuwa Musulmi ne, Bamange ko Babade ko Bahaushe. Lokacin da yake bakin daga bai tambayi addinin waɗanda yake tsarewa ba. Tuwon Kirsimeti da za a kai masa, da gaisuwar da yara za su durƙusa su yi masa, ba su bukatar wannan tambaya su ma.

Rabon waɗanda suka zauna da kaya

A 1 Sama'ila sura 30, mutum 200 sun gaji, suka tsaya a rafin Besor, 400 suka bi Amalekawa. Da aka dawo da ganima wasu suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya. Dawuda ya ƙi, ya kafa doka cewa rabon mai zuwa yaƙi da na mai tsaron kaya ɗaya ne. Matar soja ita ce mai tsaron kaya. Ita ke riƙe yara wata da watanni, tana jiran waya. Idan mummunan labari ya zo, 'yan ta'aziyya sukan cika gida mako guda, sa'an nan su watse, ita kuwa ga barin ɗakin bariki, ga takardun neman haƙƙin mijinta da ba ta san kansu ba, ga kuɗin makaranta.

A nan ne zumuntar mata da dattawan ikilisiya ke da aiki na ainihi. Mai ilimi ya zauna da gwauruwa ya cike mata takardu, ya raka ta ofis. Baikon da aka keɓe domin gajiyayyu ya kai ga kuɗin makarantar marayan soja a watan Satumba, ba a Janairu kaɗai ba. Mai babur ya kai tsohon soja asibiti. Wanda kuma ya ziyarce shi ya koyi zama shiru. Kada a tambaye shi mutum nawa ya kashe. Idan ya so ba da labari, a saurara har ƙarshe, ko da ya taɓa ba da shi sau goma. Idan ba ya barci, ko ya faɗa shaye-shaye bayan dawowarsa, a yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita, gama raunin da ke cikin kai ma rauni ne.

Don tattaunawa a lokacin addu'ar iyali

Tsofaffin sojoji nawa, da matan sojoji gwauraye nawa, iyalin nan ya sani da suna a unguwa ko a ikilisiya? Yaushe rabon wani daga gidan ya taka ƙofarsu? Idan akwai kaka ko kawu da ya taɓa sa kaki, wane yaro ne za a ba littafi da biro ya je ya rubuta labarinsa a wannan hutun?