Darasi: In Kwamfuta Ta Kama Mutuwa Tana Tashi, Kada A Yi Saurin Wanke Ta

 Da yawa daga cikinmu yanzu littafin lissafi ya koma cikin kwamfutar gida: shanu nawa aka loda daga Maigatari ko Illela, nawa aka biya mai tirela, sefa nawa aka canza zuwa naira, wa ya karɓi kaya bai cika kuɗi ba. To, akwai wata cuta da kan kama ta. Ka kunna, ta nuna tambari, ta mutu, ta sake tashi da kanta, haka za ta yi ta yi ba ta kai ka ga takardunka ba.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne, sau da yawa lissafinka na nan lafiya a cikin rumbun ajiya, ƙofar shiga ce kawai ta cije. Abin da kan hallaka shi shi ne gaggawa, watau a kai wa mai gyara ya ce sai an wanke ta kakaf an zuba sabuwar Windows. Ba a kai wa sa wuƙa don ya ƙi cin dusa kwana ɗaya. Sai a bi matakan nan daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mataki na 1: Tsaya ka duba

In tana rubuta cewa tana sabunta kanta, tana ƙidaya kashi kaza cikin 100, ƙyale ta. Windows kan sake tashi sau da dama a lokacin sabuntawa, kuma kashe ta a tsakiyar wannan aiki shi ke jawo cutar ma. In kuwa ba haka ba ne, lura da inda take yankewa. Wadda ke mutuwa tun kafin komai ya fito a allo, ko a kan tambarin kamfanin da ya ƙera ta, yawanci ciwon a jikinta yake: wuta, ko zafi, ko wani abu ya saki. Wadda ke kaiwa tambarin Windows sannan ta faɗi, yawanci ciwon a manhaja yake ko a rumbun ajiya. Ka kuma tuna abin da ya faru na ƙarshe. An ɗauke wuta tana aiki? An sa mata sabon abu? Yara sun zuba wasa?

Mataki na 2: Cire mata kaya, ka duba wuta

Zare duk abin da aka jona mata: filash, firinta, waya mai caji, katin ajiya. Cire wayar wuta, da batir in mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka mayar ka kunna. Filash guda da aka manta a jiki kan sa ta nemi tashi daga cikinsa.

Wutar injin da ke hawa tana sauka ma kan sa kwamfutar tebur ta riƙa yankewa. Gwada ta a wani soket, ko lokacin da wuta ta zauna. In ta tafi-da-gidanka ce, gwada wata caja irin tata.

Mataki na 3: Ƙura da zafi

Mu da ke ƙasar hunturu da bazara mun san ƙura. In ta toshe fanka, kwamfuta kan ɗauke kanta don kada ta ƙone. Alamarta, in ta huce sai ta ɗan daɗe kafin ta mutu, in ta yi zafi kuwa nan take. A zare wuta, a buɗe, a hure ƙurar, a ga ko fanka na juyawa. Akwai kuma wasu 'yan alluna dogaye da ake kira ram. Jijjigar mota a doguwar hanya kan sa su saki. A cire su a mayar har su zauna daram. In biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, mai ciwon zai tona kansa. Amma kada ka buɗe akwatin da wayar wuta ke shiga, yana riƙe wuta ko bayan an zare. Wanda bai saba ba, ya bar wa mai gyara wannan mataki.

Mataki na 4: Shiga ɗakin gyara

Windows 10 da 11 suna da ɗakin gyara nasu. In ba ta shiga da kanta ba, da ka ga tambarin Windows sai ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, za ta buɗe wani allo mai zaɓuɓɓuka. Kwamfutar da aka sayo Kano Turancin Ingilishi za ta yi maka, ta Maraɗi ko Yamai kuwa Faransanci. Zaɓi Troubleshoot, ko Dépannage, sannan Advanced options, ko Options avancées. A tsohuwar Windows 7, maɓallin F8 ake ta dannawa tun farkon tashi.

Da farko gwada Startup Repair, ta duba kanta. In bai yi ba, shiga Startup Settings, wanda ake rubutawa Paramètres a Faransanci, ka bar ta ta sake tashi, za ka ga jerin lambobi. Lamba 9 tana hana ta sake tashi da kanta, sai ta tsaya a kan allon da ke ɗauke da sunan ciwon. Ɗauki hotonsa da waya. In ka ga INACCESSIBLE BOOT DEVICE, alal misali, to Windows ce ta kasa kaiwa ga rumbun ajiya. Wannan hoto zai rage wa mai gyara lalube, ya rage maka kuɗi.

Lamba 4 kuwa ita ce Safe Mode, ko Mode sans échec, watau ta tashi ba tare da tarkacen da aka ɗora mata ba. In ta buɗe a nan, alhamdu lillahi. Kafin ka taɓa komai, sa filash ka kwashe lissafinka da hotunan takardu. Bayan haka sai ka cire manhajar da aka sa ta ƙarshe.

Mataki na 5: Mayar da ita baya

A cikin ɗakin gyaran akwai Uninstall Updates, mai cire sabuntawar ƙarshe in ita ce ta kawo rikicin. Akwai kuma System Restore, mai mayar da Windows yadda take kwanakin baya. Ba ya taɓa takardunka, sai dai yana cire manhajojin da aka sa bayan ranar, kuma ba ya aiki sai in kwamfutar ta taɓa ajiye irin wannan rana.

Don a gane ƙaramin abu kan jawo wannan cuta, a tuna 19 ga Yuli 2024. Sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ta sa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka kama mutuwa suna tashi, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka tsaya, bankuna da asibitoci suka rikice. Maganin kuwa, a shiga Safe Mode a goge fayil ɗaya.

Inda ya kamata ka tsaya

In ka ji rumbun ajiya na ƙara ƙas-ƙas-ƙas, kashe ta nan take. Kowane kunnawa ƙara masa rauni yake. Haka kuma in ka ji ƙauri.

In allo ya tambaye ka mabuɗin BitLocker, lambobi ne guda 48, yawanci suna cikin asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi. In babu su, ko gwanin masu gyara ba zai iya karanta rumbun ba. Masu sayen kwamfuta ta hannu su kula da wannan tun ranar ciniki.

A wurin mai gyara, faɗa masa baki da baki: "Malam, fara kwashe mini takarduna in gani da idona, sannan a yi maganar wankewa." A yawancin kwamfutoci ana iya cire rumbun a jona shi da wata, ko a tashe ta da filash, a kwashe kaya. Zaɓin Reset this PC shi ne na ƙarshe. Yana da ƙofa biyu: Keep my files na barin takardu amma yana cire manhajoji, har da ta lissafinka, Remove everything kuwa ba ya barin ko tsinke.

Rigakafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ranar da aka dawo daga kara aka shigar da lissafi, a kwafe shi a filash, a ajiye daban da kwamfutar. Manyan basussuka a buga su a takarda, mai karɓa ya sa hannu. A sayi na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta 'yan mintuna in an ɗauke, don a kashe kwamfuta cikin natsuwa. A rufe ta da ƙyalle in ba a aiki. A sani kuma Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairu 2020, ta kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025.

Wanda ya karanta, ya karanta wa yaron da ke riƙe masa lissafi, a kuma ajiye wannan shafi kusa da kwamfutar, don ranar da ta ƙi tashi ba za a iya nema a cikinta ba. Allah ya ba da kasuwa, ya kai mu gida lafiya.